Tayi a Kan Tayin Darakta

Asabar, 16 ga Nuwamba, 1991

Malama Kande ta ajin yaƙi da jahilci ta ce in na daina rubutu hannuna zai manta. To ga shi ina yi. Ina da shekara arba'in da uku na fara riƙe biro, yau shekara huɗu ke nan.

Watanmu biyu da tasowa daga Legas. Gidan ma'aikata ne a Garki, ɗaki biyu, har yanzu yana warin fenti. Maigidana Malam Yamusa kullum yana hanya, shi ke tuƙa motar da ke kwaso takardun ma'aikatarsu. Ni da 'yata Mashkura ne a gida.

Ita ce damuwata. Ranar Asabar babu aiki, amma ta fita ƙarfe biyu, sai shida ta dawo. Wai gidan Madam Prudence, shugabarsu ta masu buga tafireta. Na ga kwalin karta a jakarta.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na tambaye ta. Ta ce ba caca ba ce, sunan wasan birij. Kafin kalmar ta fito sai da ta runtse ido ta buga ƙafa, kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Yarinyar da in'ina ta hana ta tambayar farashin tumatir, shekara ashirin ina yi mata magana a bainar jama'a. Me za ta yi a teburin karta?

Laraba, 20 ga Nuwamba

Madam ta zo da kanta, da lemo a leda. Mutuniyar Kafanchan ce, doguwa, shekara ashirin da biyu ta yi a Legas. Ta ce abokiyar wasanta ta shekara goma sha ɗaya ta ƙi tasowa, ta gwammace ta yi ritaya da ta zo daji. Shi ya sa ta koya wa Mashkura a lokacin hutun rana.

"Mama, yarinyan nan yana da kai," in ji ta. "Wata biyu kawai. Ni shekara biyu na yi ina shirme."

Akwai gasa ranar 22 ga Fabrairu tsakanin ma'aikatan da suka taso. Tana so su shiga tare. Na ce sai na gani da idona.

Malam ya dawo da yamma. Na faɗa masa, ya ce, "Ke ce uwa, Zulai." Ya kwanta da takalminsa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na je. Ban san ta inda zan fara ba.

Tebur uku a falon Madam, mutum huɗu a kowanne, biyu suna fuskantar biyu. Na zaci zan ji hayaniya irin ta masu karta a tasha. Shiru, sai fanka. Manyan mutane masu furfura sun ƙura wa kati ido kamar masu duba mara lafiya. Na duba ko'ina, ban ga ko kwabo a kan tebur ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai: in an gama wasa ba a cuɗa katin. Kowa yana mayar da nasa goma sha uku cikin aljihun wani ɗan allo, a kai allon tebur na gaba. Katin da ya zo hannunka shi zai je hannun wani, a ga wa ya fi iya sarrafa shi. Ke nan ba wanda zai ce sa'a ce ta ƙi shi. Wane ne ya zauna ya yi wannan tunani?

Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi tayi. Kowa ya faɗi yawan cin da yake ganin shi da abokinsa za su yi, da irin katin da yake so ya zama babba. Wanda ba shi da abin faɗa ya ce fas. Da Turanci suke yi, daga baya Mashkura ta fassara min.

Aka ba ni kujera a bayanta, aka ce kada in yi magana, kada in yi motsi da fuska. Da layi ya zo kanta na sunkuyar da kai don kada in ga ta sha wahala a gaban mutane.

Ta faɗa sarai. Kalma biyu, ba tangarɗa. Sai da na ɗago in tabbatar ita ce. Har aka tashi sallar la'asar bakinta bai sarƙe ba ko sau ɗaya.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Ta baje min katin a tabarma. Ina rubutawa don kada in manta.

Ja iri biyu, zuciya da daiman. Baƙi iri biyu, shebur da kulob. A wurin tayi shebur ne babba, sai zuciya, sai daiman, kulob a ƙasa. As maki huɗu, sarki uku, sarauniya biyu, jak ɗaya. In ka ce ɗaya ka yi alkawarin ci bakwai cikin goma sha uku ke nan, biyu takwas, haka har sama.

Ta ce tayin magana ce da abokinka, ba a yarda ka faɗa masa komai ta wata hanya ba. Na ce to ta yaya kalma biyu za su isa? Ta ce, "Inna, s-sun fi isa da doguwar magana."

A tabarma in'inar tana nan. A tebur ne kawai take barinta.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yau hankalina ya tashi.

Ashe darakta na ofishinsu, Mista Alexander, yana zuwa wasan. Makon jiya yana Legas. Shi ne zai sa hannu a takardar tabbatar da aikin Mashkura a watan Maris, don har yanzu a gwaji take. Abokin wasansa wani likita ne mai sanƙo.

Suka zauna, darakta a damanta. Ya buɗe tayi, zuciya ɗaya. Bai gama rufe baki ba 'yata ta ce shebur ɗaya. A kan maganarsa! Suka yi ta hawa, shi da likita suka tsaya a zuciya uku, suka gaza da ci ɗaya. Ya cire tabarau ya dube ta ya ce wani abu da Turanci, aka yi dariya. Madam ta ce min wai ya ce mai tafiretan nan za ta kashe shi.

Ni ban yi dariya ba.

Babana dillalin hatsi ne a Giwa. Ina 'yar shekara tara na ga ya mari yayana a tsakiyar kasuwa, don wani mutum yana cikin taya buhun gero yayana ya sa baki ya ƙara. Baba ya ce in mutum ya fara tayi ka ja baya har ya gama ko ya bari, ko da maƙiyinka ne. Ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ba sai ranar. Haka na tashi, haka nake yi a rumfar turarena har gobe. Yau 'yar cikina ta shiga tayin wanda a haife ya haife ta, kuma aikinta yana hannunsa.

Manya suna dariya a fili. Abin da suke riƙewa a ciki daban.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na ce mata na yarda ta yi wasan, ta shiga gasar. Sharaɗi ɗaya: in babba ya riga ta buɗe tayi, ta yi fas. Ta so ta yi bayani, kalmar ta ƙi fita. Na ce ba sai ta faɗa ba. Ta ce to.

Alhamis, 12 ga Disamba

Yau shugaban ƙasa ya taso. Mun fita bakin titi da maƙwabta tun hantsi. Ban taɓa ganin motoci haka a titi ɗaya ba, titin da sauran ranaku akuya ke kwanciya a tsakiyarsa. Jiniya, tutoci, 'yan makaranta sun jeru. Dutsen nan babba yana tsaye a baya yana kallonmu. A ce gwamnati guda an ɗauko ta kamar kayan amarya an sauke a inda jiya ake noman doya. Malam yana cikin masu ɗaukowar, na faɗa wa matar da ke kusa da ni har sau biyu.

Mashkura ba ta fito ba, wai kanta na ciwo.

Asabar, 14 ga Disamba

Na sake bin ta. Yanzu ina gane katin kaɗan-kaɗan.

Darakta ya ce daiman ɗaya. Na leƙa hannunta: shebur biyar, as da sarki da sarauniya a ciki. Ta dube su ta daɗe. Ta ce fas. Likita ya ce zuciya, suka hau har huɗu. Madam ce mai fara jefawa, ba ta san inda ƙarfin abokiyarta yake ba, ta jefa kulob. Likita ya kwashe ci goma yana murmushi. A sauran tebur biyun an ambaci shebur, an fara da shi, an kayar da masu zuciya.

Madam ta ga katin a ƙarshe ta ce, "Mashkura, me ya sa ba ka yi magana ba? Ka bar ni cikin duhu."

Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. A teburin. Har ta buga ƙafa.

Su ne na ƙarshe.

Asabar, 21 ga Disamba

Na ƙarshe kuma. Ban je ba, a fuskarta na gani.

Talata, 7 ga Janairu, 1992

Madam ta dawo daga Kirsimeti ta same ni a rumfa. Ashe ta matsa wa Mashkura har ta faɗa mata. Na zaci faɗa ta zo yi. Ta zauna a benci ta zaro kati ta jera a kan tiren turare.

Ta ce ba haka kawai ake shiga tayin wani ba, da ƙa'ida. Sai kana da kati biyar aƙalla iri ɗaya, masu kyau, da manya biyu ko uku a ciki. Maki takwas ya isa in a ɗaya za ka faɗa. In sai ka hau biyu, to hannun ya fi haka ƙarfi, in ba haka ba za su ninka maka hukunci ka sha kashi. In kuma kati shida ne masu kyau, sauran hannun ba komai, kana iya tsallake ɗaya ka ce biyu kai tsaye, ka toshe musu hanya. Amfaninsa uku: abokinka ya san abin da zai fara jefawa, ku ma ku nemi wasan, su kuma ku cinye musu wurin magana.

Na ce duk na ji, amma a gidanmu ba a yi.

Ta ce, "Mama, in ya yi shiru da katin nan, ni ya yi wa ƙarya. Ya ce mini ba shi da komai."

Wannan ta tsaya min a rai. Ban taɓa ɗaukar shiru a matsayin ƙarya ba.

Na ce takardar fa? Ta ce ita ba za ta rantse a kan zuciyar darakta ba, shekara tara tana aiki da shi ba ta gama saninsa ba. Na ji daɗi da ba ta yi min daɗin baki ba. Ta sayi turaren wuta ta tafi.

Juma'a, 17 ga Janairu

Malam ya dawo da labari. An yi gwanjon tsofaffin kujeru da fankoki a ofishinsu na Legas, kayan da ba za a taso da su ba. Wani masinja da wani babban jami'i suka nace a kan fanka ɗaya, wannan ya ƙara wancan ya ƙara, har masinja ya ɗauka. Jami'in ya ba shi hannu.

Na ce ba a ga rashin kunyarsa ba? Malam ya ce, "Gwanjo ne fa. Duk wanda ya tsaya a wurin ya san za a ƙara a kansa."

Ina tankaɗe na tsaya da rariya a hannu. Baba ma yana zuwa gwanjo, in an kama dabbobin da suka yi ɓarna ba a zo nema ba. Na tuna shi yana ɗaga yatsa a kan tayin sarkin pawa, su dawo tare suna hira. Ke nan shi ya san wuri biyu ne, ni ce na riƙe ɗaya kawai. Mari na gani ina yarinya, ban tsaya na ga sauran ba.

Amma sarkin pawa ba ya sa hannu a takardar kowa.

Lahadi, 26 ga Janairu

Kwana tara ina juya abin. Yau na ce wa Mashkura na janye sharaɗina. In katin ya cika ƙa'idar Madam, ta faɗa, ko wane ne ya buɗe. Na faɗa ina wanke-wanke, ban juyo ba. Zuciyata ba ta janye ba, bakina ne kawai.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ban gane ba. Na ba ta izini, amma yau darakta ya buɗe da kulob ɗaya, tana da zuciya biyar masu kyau, ta ɗan karkato kai wajena, ta ce fas. Ba ta ma kalle ni sosai ba.

A hanya na ce me ya hana ki? Ta ce, "Ina j-jin numfashinki, Inna."

Ban san ina riƙe numfashi ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ban je ba. Ta ce yau ba su haɗu da katin shiga ba sam. Saura mako ɗaya. Da rana in ba mai saye ina raba wa kaina hannu huɗu a ƙarƙashin tire. Don in gane abin da take ciki ne kawai.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gasar. A babban ɗakin hutun ma'aikata aka yi, tebur bakwai. Na ce ba zan je ba, ita ta ce in zo. Na sa mayafina mai ruwan toka.

Mutum ashirin da takwas, ka ji ƙarar kati a kan tebur kamar yayyafi. Akwai wata tsohuwa da aka kawo a keken guragu, hannunta na rawa, amma in ta jefa kati sai ka ga na kusa da ita ya dafe goshi. Allo yana tafiya daga tebur zuwa tebur, mutane suna canja wuri, ba wanda ya ɗaga murya. Na yi ta kallon 'yata a cikinsu da ɗankwalinta kore. Ta shiga tayin wani injiniya, ta shiga na wata mata, ban ji komai ba sai ɗan bugun ƙirji.

Ana saura kaɗan la'asar suka iso teburin darakta. Ya gaishe ni, "Sannu Mama," na amsa. Ta zaro katinta ta jera. Shebur shida: sarki, sarauniya, jak, tara, bakwai, huɗu. Zuciya ɗaya tak. Sarauniyar kulob, sauran tarkace.

Ya ce daiman ɗaya.

Na ga wuyanta ya ƙage. Na ji nawa numfashin ya tsaya, na yi ƙoƙarin sake shi, ya ƙi. Takardar ce kawai a idona, da Maris, da Malam a kan hanyar Lakwaja yana gyangyaɗi a sitiyari. Ba zan iya gyara fuskata ba, ba zan iya gyara ƙirjina ba. Sai na ɗauki butata a hankali na tashi na fita baranda.

Tagar a buɗe take. Na tsuguna kamar mai alwala, ban zuba ruwan ba. An daɗe. Har na ce ta yi fas ban ji ba.

Sai muryarta. Shebur ɗaya. Ba tangarɗa.

Na yi alwalar gaske, har na jiƙa mayafi. Na yi sallah a barandar, ban koma ciki ba sai da suka tashi.

Ba su ci wannan allon ba ma. Likita ya ce zuciya biyu, Madam ta ce shebur biyu, darakta ya ce zuciya uku, suka yi cinsu tara daidai. Amma a ƙarshe Madam da Mashkura ne na biyar cikin goma sha huɗu, darakta na shida. Madam ta rungume ni tana cewa, "Ka ga yarinyanka? Ka ga?" Na ce na gani, ko da yake ji na yi.

Darakta ya wuce mu. Ya shiga mota.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Bai ce mata komai a ofis ba. Ya dawo mata da wasiƙa ɗaya ta sake bugawa, wai ta tsallake layi. Ta ce da gaske ta tsallake. Na tambaye ta sau uku yadda fuskarsa take.

Talata, 3 ga Maris

Takardar ta fito. Su bakwai ne, an kai wa darakta a fayil ɗaya, sakatarensa ya ce yana waya ya sa hannu a duka. Alhamdu lillahi. Na dafa shinkafa da kaza, na aika wa Madam. Azumi ya kusa, wasan zai tsaya sai bayan sallah.

Da rana babu masu saye, na sake jera hannun nan na ranar gasa a kan tire. Na tuna shi duka, har tarkacen. Shida masu kyau, ba komai a gefe. Da ta ce ɗaya ta bar wa likita wuri ya faɗi zuciyarsa a biyu cikin sauƙi. Da tsallakewa ta yi, da sai ya hau uku kafin ya buɗe baki, ban ga yana da ƙarfin ba, mutumin da ke share sanƙo kafin kowane tayi.

Ta yi daidai, ba na cewa ba ta yi ba. Kuma ba ruwana da wasan.

Amma da ni ce a kujerar, biyu zan ce.